Ƙusa a rufin rami: yadda huda dutse ke rage masa ƙarfi, kuma take hana shi ruftawa

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2021 aka dakatar da haƙar uranium a Akuta, kusa da Akokan cikin jihar Agadas. Tun 1978 ma'aikatan kamfanin COMINAK ke sauka kimanin mita 250 ƙarƙashin ƙasa, har suka gina hanyoyi masu tsawon ɗaruruwan kilomita a cikin dutse, manyan motoci na kai da kawowa a ciki. Wata bakwai da mako guda bayan rufewar, ranar 7 ga Nuwamba, ramukan zinariya suka rufta da masu gina a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Zurfin waɗannan ramuka bai kama ƙafar na Akuta ba.

To me ya sa rufin da ke ɗauke da dutse mai kaurin mita 250 zai tsaya shekara da shekaru, ramin da bai kai shi zurfi ba kuma ya rufta? Amsar tana da rassa da yawa, amma babban reshenta wani ƙarfe ne da tsawonsa bai wuce mita biyu da wani abu ba, wanda ake huda dutse a cusa shi ciki. Ma'aikatan ma'adinai na kiransa bulon, daga Faransanci. A nan za mu kira shi ƙusar dutse. Duk wanda ya fara jin labarinta yakan yi tambaya guda, kuma tambayar tana kan hanya: in ana tsoron dutse ya faɗo, ina dalilin ƙara huda shi?

Nauyin da ke bisa kai

Sai an fara da nauyi. Dutsen da faɗinsa, tsawonsa da kaurinsa duk mita guda ne, yakan kai tan biyu da rabi, wani ma ya ɗara. In aka jera irinsa 250 bisa juna, kowane murabba'in mita na ƙasan zai ɗauki fiye da tan 600. Wannan shi ne matsin da dutse ke ciki a zurfin Akuta tun kafin kowa ya taɓa shi. A mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke Afirka ta Kudu, wadda ta kusa kilomita huɗu a zurfi, lissafin ya kai kimanin tan dubu goma.

Muddin ba a gina komai ba, wannan nauyi ba ya damun kowa, don kowane ɓangare na dutsen yana jingine da maƙwabcinsa ta sama, ta ƙasa da ta gefe. Da zarar an buɗe rami, an cire wanda ke ɗauke da wani kaso na kayan. Nauyin ba ya ɓacewa. Yana kewaye ramin ne ya sauka a bangayensa, kamar yadda ruwan gulbi ke raba hanya in ya tarar da dutse a tsakiya, ya ƙara gudu ta gefe biyu.

Wani injiniyan Jamus mai suna Ernst Kirsch ya yi lissafin wannan tun 1898, kuma har yau da shi ake fara koyar da ɗalibai. Ya nuna cewa in rami kewayayye ne, nauyin kuma daga sama kaɗai yake zuwa, matsin da ke kan bangayen gefe yakan ninka sau uku. A daidai tsakiyar rufin kuwa abin juyawa yake yi: maimakon matsi, dutsen ya shiga ja, kamar ana son yaga shi. In matsin sama da na gefe daidai suke, ninkin biyu ne a duk kewayen ramin, babu ja ko kaɗan.

Wannan batu na ja shi ne lagon dutse. Dutse na jure matsi ƙwarai, amma in aka ja shi, abin da zai iya ɗauka bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ɗauka a matse ba. Magina na da sun san haka ko da ba su rubuta lissafi ba. Wanda ya shiga tsofaffin soraye na Birnin Damagaram, ko masallacin Yama a jihar Tawa, ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, ya ga yadda ake lanƙwasa rufi don nauyi ya bi ta gefe ya sauka a bango, ƙasar ta zauna a matse. Shi ya sa rijiya take kewayayya. Shi ya sa kuma injiniyoyi ke son rufin rami ya zama mai baka, suna ƙin kusurwa mai kaifi, don a kusurwa matsi ke taruwa, daga nan tsaga ke tashi.

Sai dai dutsen da ke cikin ƙasa ba dunƙule guda ba ne. Yana da tsage-tsage tun asali, yana da jijiyoyi, wani kuma hawa-hawa yake kamar an jera tabarmi. Dutsen yankin Arlit irin wannan ne: tsohon rairayi da laka da suka kwanta bisa juna miliyoyin shekaru har suka daskare. Gutsuren da aka kai ɗakin gwaji zai iya nuna ƙarfi mai ban mamaki, amma rufin rami ba ta tsakiyar gutsure yake karyewa ba. Ta mahaɗa yake rabuwa.

Abin da huda ke yi wa dutse

Gaskiya ne huda na rage ƙarfin dutse, kuma babu injiniyan da ke musun haka. A ɗakunan gwaji akan yanko dutse a huda shi, a sa cikin injin matsi tare da ɗan'uwansa da ba a huda ba. Wanda aka huda shi ke fara karyewa, tsagar kuma daga bakin hujin take somawa. In hujin ya ƙara faɗi, ko aka yi biyu kusa da juna, karyewar ta ƙara zuwa da wuri. Dalilin shi ne dai lissafin Kirsch: ƙaramin huji ma rami ne, yana tara matsi a gefensa.

Masu fasa dutse ma da wannan suke cin abinci. In suna son raba falalen dutse, sukan jera huji a layi ɗaya kusa da kusa, su buga ƙarfe a ciki, dutsen ya tsage ya bi layin, tamkar takardar rasit mai ƴan huji da ake yagewa. A manyan ayyuka ma ana amfani da dabarar da gangan, a jera huji a iyakar ramin da ake so domin nakiya ta yanke dutsen daidai wurin, kada ta wuce.

Abin da ya ceci ƙusar dutse shi ne wani sashe na lissafin da ba a cika ambata ba. Tarin matsin da huji ke haddasawa ba ya nisa. In aka matsa daga bakinsa da kamar ninki biyu ko uku na faɗinsa, dutsen ya kusa komawa yadda yake. Hujin ƙusa faɗinsa santimita uku ne zuwa huɗu, saboda haka ɓarnarsa ba ta wuce tafin hannu ba, alhali tsakanin ƙusa da ƙusa akwai mita guda ko fiye. Hujin ba sa jin juna. A ɗan gutsuren ɗakin gwaji hujin babban abu ne, a rufin rami mai faɗin mita biyar kuwa ɗigo ne.

Hudar da ta fi cutar da dutse ita ce ta nakiya. Yawancin ramukan ƙarƙashin ƙasa da huda da fashewa ake gina su: a huda fuskar dutse wuri da yawa, a ɗura nakiya, a tayar, a kwashe, a sake. Kowace fashewa tana barin wani zobe na dutsen da ya jijjiga a kewayen ramin, tsofaffin tsagogi sun buɗe, sababbi sun fito. In mai huda ya karkace hannu, hujin gefe suka fita daga layi, ko aka cika nakiya don a yi sauri, zoben ya yi kauri, ramin ya fi yadda aka tsara faɗi, rufin ya yi kaca-kaca. A ganina a nan ne rabin aikin tsaro yake, tun kafin a ɗauko ƙusa ko ɗaya. Kamfanin da ke biyan mai huda bisa yawan mitocin da ya ci kawai, ba ya duban kyawun yankan, zai biya bambancin a wajen ƙusa da kankare, in ma abin ya tsaya nan.

Faɗin ramin kansa ma abin lura ne. Rufin da yake shimfiɗe kamar katako, in aka ninka faɗinsa sau biyu, wahalar da ke kansa sau huɗu take ninkuwa. Don haka mahaɗar hanyoyi, inda rami biyu suka gitta juna, ita ce wurin da rufi ya fi faɗowa a ma'adinai, kuma can ake sa ƙusa mafi tsawo.

Aikin da ƙusa ke yi

Mutane da dama na zaton ƙusar tana riƙe dukkan dutsen da ke sama ne. Ba za ta iya ba. Ƙarfen gini mai kaurin milimita 20 yana fara miƙewa in aka rataya masa kamar tan 15 ko 16. Me wannan zai yi wa tan 600? Babban nauyin, dutsen ne da kansa ke ɗauka, ta hanyar bakan da ya yi a saman ramin da ginshiƙan da aka bari. Aikin ƙusa shi ne ta riƙe ɓawon nan na mita ɗaya ko biyu da ya saki, ta hana shi motsi. Don in gutsure ɗaya ya faɗo, na kusa da shi ya rasa majingina, shi ma ya biyo, a haka rufi ke warwarewa har ya kai inda ba a zata ba.

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce rataya. In akwai sakakken hawa a ƙasa, da ƙaƙƙarfan dutse a samansa, sai ƙusar ta ratsa sakakken ta kama a mai ƙarfin, faifan ƙarfe da ke bakinta ya tallafe daga ƙasa. Lissafin ba wuya: in hawan kaurinsa mita guda ne, tazarar ƙusa kuma mita 1,2 ta kowane gefe, kowace ƙusa tana ɗauke da kamar tan uku da rabi. Wannan tana iyawa, har da ragowa.

To in babu ƙaƙƙarfan hawa a kusa fa, duk siraran hawa ne bisa juna? A nan dabarar ta fi daɗi. A ɗauki katako biyu a ɗora ɗaya bisa ɗaya, a gitta su kan rami, a hau. Za su lanƙwashe, kuma in aka duba bakinsu za a ga na sama ya ɗan zame a kan na ƙasa. A sauko a haɗe su da ƙusoshi yadda ba za su zame ba, a sake hawa. Lanƙwasar za ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, alhali ba a ƙara katako ko ɗaya ba. Haka ƙusar dutse ke ɗinke siraran hawa su zama kauri guda. Ba ta ƙara wa dutsen komai, zamewa kawai ta hana.

Na uku ya shafi dutsen da ya farfashe gutsu-gutsu, kuma akwai sanannen gwaji a kansa. A shekarun 1950, lokacin da Ostireliya ke gina tashoshin lantarki a cikin duwatsun Snowy, wani injiniya mai suna Tom Lang ya so ya gamsar da ma'aikatan da ba su yarda da ƙusa ba, sun fi amincewa da gungumen katako da ƙarfen da ido ke gani. Sai ya cika bokiti da tsakuwa, ya ratsa ta da ƙananan ƙusoshi masu faifai, ya ɗaure su tamau, ya kifa bokitin. Tsakuwar ba ta zube ba, har aka rataya mata ƙarin nauyi. Kowace ƙusa ta matse tsakuwar da ke kewaye da ita, matsin wannan ya haɗu da na waccan, sai tsakuwar ta cije juna ta zama faifai guda. In aka sassauta ƙusa ɗaya kuwa, ko aka buɗa tazarar da yawa, sai ta fara zuba daga nan, sauran su biyo baya. Daga irin wannan gwaji aka samu ƙa'idar da har yanzu ake tunawa da ita: tsawon ƙusa ya ninka tazarar da ke tsakaninsu aƙalla sau biyu.

Akwai wani amfani kuma da ɗakin gwaji ya fi nunawa. In aka huda gutsuren dutse aka sa masa ƙusa da siminti, ƙarfin da yake kaiwa kafin ya tsage yakan farfaɗo, wani lokaci ya kamo na asali, wani lokaci bai kai ba. Babban bambancin yana zuwa bayan tsagewar. Wanda babu ƙusa tarwatsewa yake yi nan take. Mai ƙusa yakan tsage amma ya ci gaba da ɗaukar kaya, yana lotsawa a hankali. A cikin rami wannan jinkirin shi ne rai: faifan ƙarfe ya lanƙwashe, raga ta yi ciki, ƙura ta fara zubowa, ma'aikaci ya gani ya janye.

Ba yau aka fara ba. An yi amfani da ƙusa a wasu ma'adinan dalma na jihar Misuri a Amurka tun shekarun 1920, amma sai a ƙarshen shekarun 1940 hukumar ma'adinai ta ƙasar ta tura ta cikin ramukan kwal, ta maye gurbin katako a wurare da yawa. A Turai kuma, injiniyoyin Ostiriya irin su Rabcewicz suka haɗa ƙusa da kankaren da ake fesawa da injin a jikin dutse, suka fito da tsarin da aka sani a farkon shekarun 1960, wanda tushensa shi ne a bar dutse ya ɗan motsa ya ɗauki kayansa, a taimaka masa kawai kada ya wuce gona da iri.

Kowace ƙusa da hujinta

Ƙusoshin iri-iri ne, kuma abin da ya bambanta su shi ne yadda suke kama dutsen. Tsohon samfuri yana da kai mai buɗewa a can ƙurya: in aka murɗa, kan ya buɗe ya cije bangon hujin. Yana da arha kuma yana kamawa nan take, amma a wuri ɗaya tak yake riƙe, girgizar nakiya na sassauta shi, a dutse mai taushi kuma zamewa yake yi.

Wanda ya fi yaɗuwa yanzu ƙarfen gini ne mai gaɓa-gaɓa da ake mannewa da siminti ko da wani danƙo na masana'anta. Danƙon yana zuwa cikin doguwar leda mai ɗaki biyu. A tura ledar cikin huji, a cusa ƙarfen yana juyawa, ya fasa ledar ya gauraya abin da ke ciki, cikin ƙasa da minti ɗaya ko ƴan mintoci ya daskare. Irin wannan tana kama dutse daga baki har ƙurya, ta kuma cike hujin da aka yi, wato ta mayar da yawancin abin da hudar ta ɗauke.

A nan ne girman huji ya zama batun rai da mutuwa. Ƙarfe mai milimita 22 yana son huji mai kamar milimita 28. In hujin ya yi faɗi, ƙarfen zai yi ta juyawa a tsakiya bai gauraya danƙon ba, ledar ma ta nannaɗe a bango ta raba danƙo da dutse. In ya zarce tsawon ƙarfen, danƙon ya tsere can ƙurya inda ba shi da amfani. In ba a wanke garin dutsen da ke ciki ba, danƙon ya kama ƙura maimakon dutse. In aka juya ƙarfen ya wuce lokaci, a karya danƙon yana cikin daskarewa. Duk waɗannan kurakurai ba a ganinsu daga waje. Faifan yana nan lafe da rufi, kyakkyawa, ƙusar kuwa ba ta riƙe komai ba. Shi ya sa ake zaɓar wasu a ja su da jak a ga ko za su fito, kuma duk mahaƙar da ba ta yin wannan gwaji, ado kawai take yi wa rufinta.

Akwai kuma masu kamawa da gogayya. Samfurin Split Set, wanda ya fito a Amurka a shekarun 1970, bututu ne mai tsaga a tsawonsa, ana buga shi cikin hujin da ya fi shi ƙanƙanta kaɗan, ya matse ya cije. Bambancin milimita ɗaya ko biyu a bakin abin huda ya isa ya sa ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi kamawa. Swellex da kamfanin Atlas Copco na Suwidin ya ƙirƙiro kuwa bututu ne a naɗe, sai an sa shi a huji a hura masa ruwa mai tsananin matsi ya kumbura ya cika wurin. Suna da saurin sawa, amma bututu siriri ne, tsatsa na cinye shi da wuri in akwai ruwa. A manyan ɗakuna da mahaɗar hanyoyi akan yi amfani da igiyar ƙarfe mai tsawon mita biyar, goma ko fiye. A ramuka masu zurfin gaske irin na Afirka ta Kudu, inda dutse ke fashewa da kansa saboda matsi, an ƙera ƙusoshin da ke miƙewa ko zamewa kaɗan ba tare da sun tsinke ba, don ƙarfe mai taurin kai a can karyewa yake yi.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Dutsen da aka buɗe yana da wa'adin da zai tsaya ba tallafi, wani shekaru, wani awoyi. Ƙusar da aka sa bayan hawa-hawan sun riga sun rabu ba za ta mayar da su ba. Don haka bayan kowace fashewa, da hayaƙi ya fita, aikin farko shi ne a bi rufin da dogon ƙarfe ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen dutse ƙara yake yi kamar ƙarfe, wanda ya saki kuwa amo yake kamar ganga. A ɓamɓare sakakken, a sa ƙusa da ragar waya, sannan a ci gaba. Doka ta farko a kowace mahaƙa mai tsari ita ce kada kowa ya wuce layin ƙusa na ƙarshe.

Ko bayan shekaru ba a gama da ita ba. A Boston ta Amurka, cikin Yulin 2006, faifan kankare na rufin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa ya faɗo kan mota ya kashe mace guda. Bincike ya gano danƙon da aka manne ƙusoshin da shi irin wanda ke saki a hankali ne in kaya ya daɗe a kansa. A Japan, cikin Disamban 2012, rufin ramin Sasago ya faɗo, mutum tara suka mutu, nan ma ƙusoshin da ke riƙe da rufin ne suka zare. A wuraren biyu cikin kankare aka kafa ƙusoshin, ba cikin dutse ba, amma ciwon ɗaya ne: abin da ke riƙe da rufi yana ɓoye, ba a kuma duba shi yadda ya kamata ba.

Ramukan zinariya fa?

Mai karatu a Maraɗi ko Madarunfa zai ce, to a kai wa masu ginar zinariya ƙusar mana. Da ma abin ya yi sauƙi haka. Ƙusa tana buƙatar abin da za ta kama. Mitocin farko na yawancin ramukan gargajiya jar ƙasa ce, da marmara, da ruɓaɓɓen dutsen da ruwa ya cinye har yana marmashewa a hannu. Ƙusa a irin wannan wuri kamar a kafa ta cikin tuwo ne. Abin da ke aiki a nan shi ne abin da maginan rijiya suka sani: zoben siminti, ko katako da aka jera aka tokare, da rami kewayayye marar faɗi.

Amma ilimin da ya haifi ƙusar ya shafe su kai tsaye. A Akuta tsarin ɗaki da ginshiƙi aka bi: a haƙe wani sashe, a bar wani a tsaye ya ɗauki rufi, kuma girman ginshiƙin lissafa shi ake yi. A filin zinariya kowa da raminsa, kusa da na maƙwabci. In an kai ga jijiyar, kowa ya bi ta a kwance, ramukan su haɗe ta ƙasa, ƙasar da ta rage tsakaninsu ita ce ginshiƙin da ke ɗauke da kowa. Ita ma akwai zinariya a cikinta, don haka ana ta shafe ta kaɗan-kaɗan. Duk abin da aka rage mata, nauyin da ke kanta bai ragu ba, ƙaruwa ma yake yi. Ranar da ɗaya ta gaza, kayanta ya koma kan na kusa, waɗanda su ma sun riga sun ƙoshi. Shi ya sa irin wannan ruftawa ba ta tsayawa a rami guda. Ga kuma tulin ƙasar da aka fitar an jibge a bakin ramin, ƙarin kaya a daidai inda ba a so. Ga damina: ruwa na ƙara wa ƙasa nauyi, ya jiƙa lakar da ke cikin tsagogi ta zama santsi, ya kuma tura su su buɗe.

Tazara tsakanin ramuka, haramta taɓa ginshiƙi, nisanta tulin ƙasa daga baki, dakatar da aiki in ƙasa ta jiƙe: babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar injin huda ko danƙo daga Turai. Abin da suke buƙata shi ne wanda zai tsaya a kan filin yana da ikon cewa a'a, kuma a ji. Rufe fili bayan an yi asarar rayuka, kamar yadda aka saba, ba ya koya wa kowa inda zai bar ginshiƙi a filin da zai koma gobe.

A ɓangaren manyan kamfanoni kuwa, aikin ƙarƙashin ƙasa bai ƙare da Akuta ba. A Dasa, tsakanin Agadas da Arlit, kamfanin SOMIDA, wanda Global Atomic na Kanada da gwamnatin Nijar suka haɗa hannu a cikinsa, ya fara ginar hanyar shiga sabuwar mahaƙar uranium tun ƙarshen 2022, kuma wasu daga cikin masu aikin tsofaffin ma'aikatan COMINAK ne. Ƙasar nan tana da mutanen da suka yi shekara ashirin ko talatin suna ƙwanƙwasa rufi suna saurarensa, sun san amon dutsen da ya saki, sun san yadda faifan ƙusa ke lanƙwashewa in kaya ya yi masa yawa. Da yawansu suna zaune a Arlit da Agadas da garuruwan kudu tun da aka rufe Akuta, a daidai lokacin da dubban matasa ke sauka ramuka a Jado, Cibarkaten da kudancin Maraɗi ba tare da wani ya taɓa nuna musu waɗannan alamu ba.